Gwajin jarabar aiki ya kama ni, ga kuma ƙarin girma: in karɓa?

Mai Neman Mafita: Salamu alaikum ƴan uwa. An yi mini tayin ƙarin girma, amma zai riƙa cinye mini ranakun hutu. Maiɗakina ta turo mini gwajin nan mai tambayoyi 7 da masana na jami'ar Bergen a Norwe suka fitar a 2012. Wanda ya amsa "sau da yawa" ko "kullum" a guda 4, alama ce aiki ya zame masa jaraba. Ni 5 na samu. Wadda ta fi tsaya mini a rai ita ce ko ina fakewa da aiki don in danne damuwa. In karɓa ko in haƙura?

Baban Yara: Karɓa kawai malam. Wasu aikin suke nema ido rufe.

Uwar Biyu: Ɗan uwa, haka ake faɗa wa mijina. Kwamfuta a cinya har a kan gado, yara su zo gaishe shi ya ɗaga musu hannu bai dube su ba. In aka ce ya huta sai ya hau faɗa. Shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, kafin ya fara takawa har an ba wani kujerarsa. Ba wanda ya leƙo mu daga wajen aikin.

Sarkin Barci: Ni a kawo gwajin masu jarabar kwanciya, in ga wa zai kamo ni.

Ma'aikaciyar Jinya: Gwajin ba ganin likita ba ne, tantancewa ce kawai. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aikin awa 55 ko fiye a mako yana ƙara haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kashi 35 cikin ɗari. Ka ga masanin halayyar ɗan Adam kafin ka yanke shawara.

Baban Yara: Da wane kuɗin? Tsada gare su.

Ma'aikaciyar Jinya: Ni kyauta na gan shi, ta wajen aikinmu.

Baban Yara: Ke albashi kike jira, ni mutane nake biya. Shawarar wa za a ɗauka?

Uwar Biyu: Ta wadda ta yi jinya.

Ɗan Kwana: Ku bar ɗora wa ma'aikaci laifi. Oga ne ke turo saƙon WhatsApp tsakar dare, in ba ka amsa ba a ce ka yi sanyi. A Faransa tun 2017 doka ta ba ma'aikaci damar kashe waya bayan tashi.

Uwar Biyu: Namu ogan har ranar da aka kwantar da mijina sai da ya kira yana neman fayil.