Zan sayi karaban na farko, ku ba ni shawara

Baban Sadiya: Assalamu alaikum jama'a. Ina so in sayi ƙaramin karaban, ɗakin kwanan nan mai taya da mota ke ja, mu riƙa fita Lake District, yankin tafkunan nan na arewacin Ingila, da iyali idan an yi hutun makaranta. Mu uku ne, a Leeds muke. Motata nauyinta kilo 1,400 ne, kuma na hannu nake nema. Ta ina zan fara?

Kawu na Bradford: Wa alaikumus salam. Fara da lissafin nauyi, ɗana. A gefen ƙofar kowane karaban akwai ɗan faranti da aka rubuta MTPLM, wato iyakar nauyinsa haɗe da kaya. Ga sabon hannu, shawarar da ake bayarwa ita ce kada ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar. Kai ke nan kilo 1,190. Ka duba littafin motarka ma, don abin da kamfani ya ce za ta iya ja shi ne doka. Lasisi ba matsala, tun Disambar 2021 aka daina neman ƙarin gwaji a Ingila.

Hajiya Babba: Malam, don Allah ka ji tsoron danshi. Mu namu na farko mun saya wurin wani mutum, fes a ido, ya fesa turare ko'ina. Da sanyi ya shigo sai bangon bayan kujera ya yi laushi, ka danna yatsa ya lotsa. Kuɗin gyaran ya kusa kuɗin sayen, har yau abin na min ciwo. Ka ɗaga katifu, ka buɗe kowace durowa ka shinshina, ka danna kusurwoyi da ƙasan taga. Na'urar awon danshi idan ta haura kashi 20 a wani wuri, ka tsaya ka yi tambaya. Mai kayan da ya ƙi a auna, ka yi masa sallama.

Baban Sadiya: Subhanallahi, Allah ya mayar da alheri Hajiya. To wane iri kuke gani?

Injiniya: Duba Swift Basecamp ko ƙananan Bailey Discovery. Ni Eriba nake so, na Jamus, rufinsa ɗagawa ake yi idan an tsaya, don haka iska ba ta kaɗa shi sosai a hanya. Sai dai ko tsoho ne yana riƙe farashi. Kafin ka ba da ko fam ɗaya, ka sa lambarsa mai harafi 17 a binciken CRiS, wato rajistar karaban ta Birtaniya, ka tabbatar ba na sata ba ne kuma babu bashi a kansa. Taya kuma ka karanta shekararta a jiki. Ta kai shekara 5, canza ta ko da zanenta bai cinye ba.

Maman Walid: Ni zancen kaya zan yi. Kada uwargida ta kwaso manyan tukwane da buhun shinkafa, nauyin da aka bar muku kaɗan ne. Tukunya biyu sun isa, masu nauyi a ajiye su ƙasa daidai kan taya. Gas ku sayi furofen, na jar tukunya, don butan ba ya tashi idan sanyi ya kai na ƙanƙara. Na'urar gargaɗin hayaƙin gas mai kisa dole ce, ba a kwana babu ita. Sai wayar wuta mai mita 25, da gangar ruwa da ake garawa. Abin da ba wanda ya gaya mana: mu masu buta, tankin bayi yana saurin cika. Ku riƙa alwala a banɗakin sansani, a bar na ciki don dare.

Kawu na Bradford: Na manta da madubin ƙari na gefe, shi ma doka ne in karaban ya fi motar faɗi. Gudu mil 60 a babbar hanya, 50 a mai hannu ɗaya, kuma ba ka shiga layin dama a babbar hanya mai layi uku. Rumfar gefe ka bari sai kun fita sau biyu kun ga ko kuna bukata.

Baban Sadiya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai ɗaya da zan je gani kusa da York ran Asabar.

Injiniya: Ina da na'urar danshin. Biyo ta gidana da ƙarfe tara mu tafi tare, ka ce wa mai shi ya fito da takardun sabis.