"Ruwan da ya dake ka shi ne ruwa": godiya ce ko gori?

Ɗan Gwange:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na kawo wata karin magana ce da ta haɗa ni da kawuna, ina so masu sani su raba mana gardama.

Daren Litinin wayewar Talata, 10 ga Satumba 2024, madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shigo mana Maiduguri muna barci. Mu a Gwange kafin asuba ya kai mana ƙirji. Maƙwabcinmu mai bene, Babarbare ne, kafin ranar gaisuwa kawai ke haɗa mu, shi ya yi ta dukan ƙofarmu, ya goya mahaifiyata ya hau da ita sama. Gida biyar muka kwana biyu a benen nan kafin a kwashe mu. Da ruwa ya janye, da shi da 'ya'yansa muka yi ta kwasar laka da shebur, yau gidana, gobe na wancan, har muka zagaye layin.

Kawuna yana Kano. Ya yi waya, daga baya ya aiko da kuɗi masu kauri, Allah ya saka masa. To kwanaki a wurin wani ɗaurin aure ina ba da labari, sai na ce maƙwabcin nan ya zama ɗan'uwana, domin ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Kawu yana zaune. Tun ranar ya daina ɗaukar wayata. An ce min ya ce na yi masa gori a gaban mutane. Shin maganar gori ce?

Uwar Biyu:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar muku da alheri, ya jiƙan waɗanda suka rasu. Gaskiya ɗan'uwa, maganar ba gori ba ce, amma inda ka faɗe ta ne ya mai da ita gori. Ma'anarta ai wanda ya amfane ka shi ne naka. Ka faɗi haka kawu yana zaune, me kake so ya ji? Ya ji cewa shi ba ruwa ba ne. Ko ni ce sai na ji zafi.

Malamin Firamare:
Ina so mu koma wa kalmomin kafin mu yanke hukunci. Wannan magana ta manoma ce. Hadari zai haɗu a gabas, a yi ta cida da walƙiya, kowa ya fito da iri, sai iska ta kwashe shi ya je ya zuba a wani gari. Washegari a zo maka da labari cewa an yi ruwan shuka a can. Kai kuwa gonarka ƙura take tashi. Wancan labarin ruwa ne. Ruwa shi ne wanda ya sauka a kanka ya jiƙa maka riga. Saboda haka abin da maganar take rarrabewa shi ne alkawari da cikawa, ba dangi da bare ba. Shi ya sa aka fi jin ta lokacin zaɓe, in mutum yana kare ɗan takarar da ya taɓa yi masa wani abu.

A kan wannan fahimta, Ɗan Gwange bai yi kuskuren ma'ana ba, ya yi kuskuren lissafi. Kuɗin kawu sun iso hannunsa, ke nan shi ma ruwa ne da ya dake shi. Damina ai ba ruwa ɗaya ba ce. Akwai na shuka, akwai na marka, akwai na ƙarshe da ke cika wa gero ido.

Bahaɗeje:
Malam, ka gyara maganar har ta yi kyau, amma ni ban taɓa son ta ba, kuma ba zan ɓoye ba. Magana ce ta mai jiran a yi masa. Wanda ya ba ni shi ne mutum, wanda bai ba ni ba ko oho. Da wannan tunani ake sayar da ƙuri'a a kan taliya da sabulu.

Mu a Haɗeja ruwa ba baƙonmu ba ne. Duk shekarar da kogi ya cika, ga na sama ga wanda ke gangarowa daga Tiga da Challawa, ga kachalla ta toshe masa hanya, sai ya nemi shigowa gari. A 2022 mun ga tashin hankali. Abin da ke tare shi jinga ce, buhunan ƙasa da samari ke ɗorawa dare da rana da fitila a hannu. Wanda gidansa ke kan tudu, ruwa ba zai taɓa kai masa ba, shi ma yana can da buhu a ka. Mata na dafa abinci suna aikawa. Da kowa zai tsaya sai wanda ya taɓa amfanarsa zai taimaka wa, da jingar ba ta kai ko'ina ba. Maganar da ta dace da maƙwabcinka ita ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Uwar Biyu:
Yauwa, wannan ta fi daɗin ji. Amma yaran yanzu ko jinkar ba su sani ba. 'Yata ta ɗauka jinka da jinga abu ɗaya ne.

Malamin Firamare:
Ki gaya mata jinka rufin ɗakin ciyawa ce. A ƙasa ake haɗa ta, a kafa itatuwa, a ɗaure da tanka, a baibaye da shuci, sannan a kira maza su kewaye ta su ɗaga lokaci guda su ɗora a kan ɗaki. Komai ƙarfin mutum ba zai iya shi kaɗai ba, domin ba nauyin ne kawai ba, faɗin ne. In gefe ɗaya ya riga tashi sai ta karkace. Kuma in guguwar farkon damina ta yaye ta, haka za a sake taruwa a mayar.

Sai dai Bahaɗeje, ban yarda a jefar da ta farkon ba. Taka tana magana ne da wanda zai taimaka, tana ce masa zo. Tasa tana magana da wanda aka taimaka wa, tana ce masa kada ka manta. Ba kishiyoyi ba ne.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Ni wata ma'ana na taso da ita daban. A wurin kakata, in ta ce ruwan da ya dake ka shi ne ruwa, nufinta masifar da ta same ka ita ka sani. Ai duka aka ce, ba shayarwa ba.

Daminar 2024 ɗin nan mu ma ba ta bar mu ba. A farkon Satumba tsohon masallacin Birni na ƙasa, wanda ya haura shekara ɗari da hamsin, ya zube muna kallo. Gidajen ƙasa kuwa ba a magana: ruwa ya kwanta a gindin bango, ya jiƙa shi daga ƙasa, cikin dare sai ka ji rugum. Mutane suka cika azuzuwan lakkol, wato makaranta, har gwamnati ta ɗage komawar yara zuwa ƙarshen Oktoba. A layinmu wata tsohuwa ce ta fara buɗe zaurenta, ta ce ita ma nata ya taɓa faɗuwa tana da goyo. Waɗanda suka fi saurin fitowa da tabarma da tukunya, na lura, su ne waɗanda ruwa ya taɓa duka. Mai ginin siminti yana jajantawa da gaske, amma bai san cewa abin da kake nema a daren farko busasshen zane ne da wurin da za ka kwantar da yara ba.

To a wannan ma'ana, kawunka ba laifinsa ba ne. Yana Kano, ya ji a rediyo, ya gani a waya. Bai ji warin lakar ba.

Bahaɗeje:
Ban taɓa jin ta haka ba, amma ta zauna. In haka ce ma'anar, na janye rabin maganata. Rabin kuwa ina nan a kai, domin yadda ake amfani da ita yau a bakin 'yan siyasa ba haka ba ne.

Uwar Biyu:
Ni dai abin da nake tsoro kada a gama gardamar kalmomi a bar zumunta a ƙasa. Haƙƙin maƙwabci babba ne, Manzon Allah (SAW) ya ce Jibrilu bai gushe yana yi masa wasiyya da maƙwabci ba har ya zaci zai sa shi cikin masu gado. Ba wanda zai ce kada ka yabi mutumin da ya goya mahaifiyarka a cikin ruwa. Amma kawu ƙanin uwa ne. Kuɗin da ya aiko, wa ya san abin da ya sayar ya haɗa su? Kada ka yi masa saƙo a waya. Ka shiga mota ka je, zumunta a ƙafa take.

Ɗan Gwange:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Maganar Malam ta shige ni, domin da kuɗin kawu na sayi kwano goma sha biyu da buhun siminti shida, ɗakin da Hajiya take kwana yanzu da su aka rufa shi. Ban taɓa gaya masa haka ba, na dai ce na gode a waya.

Abin da na faɗa a kan maƙwabcina ba zan janye ba, ko a gaban wa. Har yau in hadari ya haɗu Hajiya ba ta barci, sai ta ce a leƙa a ga ko yana gida. Amma zan je Kano ranar Juma'a in Allah ya kai mu, zan tafi da hoton ɗakin. Asabar ɗin nan ba zan samu ba, akwai bangon da ya raba gidana da na wata bazawara a layinmu, tun ambaliyar da zana aka tare shi, mun sa ranar ɗora bulo.