Sauya tsohon kwamfaila: abin da aka tattauna a Garwa

Mun zauna da wasu masu harhaɗa manhaja a Garwa kan batun sauya tsohon kwamfaila (manhajar da ke juya rubutun shiri zuwa abin da kwamfuta ke iya aiki da shi) na FreeBSD, wani tsarin gudanar da kwamfuta. Tsohon kwamfailan, wato GCC 4.2.1 na shekarar 2007, ya daɗe a tsarin saboda sigogin da suka biyo baya sun koma lasisin GPLv3, wanda masu FreeBSD ba su yarda da shi ba. Daga siga ta 10 ta FreeBSD, a 2014, sabon kwamfaila mai suna Clang ya zama na asali a kan kwamfutoci nau'in amd64 da i386.

Shawarar da kowa ya amince da ita: kada a cire tsohon tukuna. A girka sabon a gefensa, a gina kernel (zuciyar tsarin) a wata kwamfuta ta gwaji. Wani dattijo cikinmu ya ja kunne sosai kan yaren rubuta manhaja na C++, domin haɗa shirin da aka gina da libstdc++ (laburaren C++ na GCC) da wanda ke kan libc++ (laburaren da ke tafiya da Clang) yakan jawo faɗuwa mai wuyar ganewa. Gara a sake gina duka, ko da zai kwana.

Gargaɗin Clang yana da yawa, amma a karanta shi, yakan tono tsofaffin kurakurai.

Maganar wuta kuwa, ga wanda ya san Garwa, a tanadi batir kafin a fara.