Ƙuri'a a cikin aji: ku da kuka taɓa yi, ya ta kasance?

Malamar Lissafi, Ƙofar Marusa: Assalamu alaikum. An ba ajinmu gurbi biyu na gasar kacici-kacici, kowa yana so, sai na ce a yi ƙuri'a. Ɗalibai 48 ne, maza 30, mata 18. Na zuba lambobinsu na rajista cikin hula, aka zaro biyu, duk maza. Washegari wata uwa ta zo tana cewa an yi wa 'yan mata wayo. Na zauna na buga mata lissafin: zaro na farko namiji ya fito, 30 bisa 48 ne. Na biyu kuma 29 bisa 47, tunda takarda ɗaya ta riga ta fita. In ka ninka su, kusan kashi 39 cikin 100 ne. Mata biyu kusan kashi 14, mace da namiji kusan kashi 48. Ta saurara tsaf, amma ba ta tafi da gamsuwa ba. Ina son jin yadda wasu suka yi.

Baban Khalifa, Daura: Wa'alaikumus salam Malama. Mu rigimar da muka sha ta wa zai fara ɗauka ce. Yarona ya dawo yana kumbure-kumbure, wai an sa shi na ƙarshe a layi, ajin mutum 40, takarda ɗaya ce mai alama, "kafin a zo kaina an ɗauke". Na ce zo nan. Na farko damarsa 1 bisa 40. Na biyu sai na farko ya kuskure, wato 39 bisa 40, sannan shi ya dace, 1 bisa 39. Ninka ka gani, 39 ta cinye 39, saura 1 bisa 40. Haka zai tafi har na ƙarshe, wanda ba ya ma zaɓa, abin da ya rage yake ɗauka, kuma damarsa ɗaya da ta kowa. Matan gida ma wannan gardamar suke yi in za a fitar da jerin kwasar adashi.

Tsohon Monita: Lissafinku daidai ne in takardun daidai suke. Ni na ga yadda ake yi da idona. Wanda aka ba yanka takardu sai ya yi wa ta abokinsa naɗi mai kauri, ko ya ajiye ta a bakin hula. Mai zaro kuwa hannu abin da ya fara taɓawa yake kamawa. Duk 1 bisa 40 ɗin nan ya tashi a banza. A yanka su girma ɗaya, naɗi iri ɗaya, a girgiza sosai, kuma wanda ya naɗe kada ya zama shi ne mai zaro.

Malam na Firamare, Ƙofar Ƙaura: Gaskiya ne. Wani abokin aikina rufe ido yake yi ya dangwala biro a kan rajista, ya ce ai canki-canka ne. Hannu tsakiyar shafi yake sauka. 'Yan sama da 'yan ƙasan rajista sai su shekara ba a kira su ba. Sannan Malama kin kyauta da kika sa lamba. Ajina A'isha uku ne, Abubakar huɗu, ka rubuta suna kawai ka ga dambe.

Maman Ikram: Ni dai ina bayan uwar nan, ku yi haƙuri. Ba cewa take an yi maguɗi a lissafi ba. So take ɗiyarta ta ga mace ta wakilci aji. Me zai hana a yi hula biyu, ta maza daban ta mata daban, a zaro ɗaya-ɗaya?

Malamar Lissafi, Ƙofar Marusa: Hajiya ana iya yi, amma a san abin da aka zaɓa. Da hula ɗaya kowane ɗalibi damarsa 2 bisa 48, wato 1 bisa 24, mace ko namiji. Da hula biyu, mace tana da 1 bisa 18, namiji 1 bisa 30. Kin ga yanzu iyayen maza ne za su zo.

Baban Khalifa, Daura: To a faɗi tsarin tun kafin a sa hannu cikin hula, kowa ya ji ya amince. Mu bara sai da sakamako ya fito wasu suka ce a sake, kuma waɗanda suka ci ba su yarda ba.

Maman Ikram: Ni in za a tambaye ni a taron iyaye da malamai, hula biyu zan ce, ko da 1 bisa 30 ɗin. Kuma ina da ɗa namiji a makarantar.