Me za mu kira "chaplain" da Hausa?

Jama'a, a taimake ni da kalma ɗaya. Ina rubutu kan Yaƙin Bowa na 1899 zuwa 1902 a Afirka ta Kudu, na zo kan wani malamin coci mai suna A. D. Lückhoff, sai na tsaya cak. Turawa sun kira shi "chaplain". Mu fa?

Ga aikinsa, ku auna da kanku. Sojojin Ingila sun ƙone gonakin Bowa, wato fararen fatar Afirka ta Kudu da yawancin kakanninsu suka fito daga Holan, suka kwashe mata da yara suka zuba a tantuna. A watan Agusta 1901 ya isa sansanin Bethulie, kusa da kogin Orange, ƙyanda da taifot suna ta cin yara. Kullum yana bin tanti tanti. Ya durƙusa kusa da mai jinya ya yi addu'a, ya karanta wa uwa Zabura, da yamma ya bi gawa zuwa maƙabarta. Katakon akwati ya yi ƙaranci har ana binne wasu a cikin bargo. Wata biyu kacal ya yi, jikinsa ya gaza. Mutum sama da 1,700 suka mutu a wannan sansani kaɗai. A duk sansanonin Bowa sun haura 26,000, yawancinsu yara. Baƙaƙen fata ma an tsare su a nasu sansanonin, dubbai suka mutu, ba a cika tuna su ba.

Wani ya ce mini "fasto". Gaskiya ne, fasto ne, Bowa ma "dominee" suke ce wa irinsa. Amma fasto yana da cocinsa, jama'a ke zuwa gare shi. Wannan shi ke zuwa wurin waɗanda ba su da ikon fita.

"Mai wa'azi" bai ɗauki ta'aziyya da jana'iza ba. "Limamin soja" kuwa kuskure ne babba, domin waɗanda soja suka tsare yake yi wa hidima.

"Makiyayi" ta daɗe a raina, Kiristocinmu sun san ta sarai, sai dai mai karatu zai fara hango shanu.

Ni dai na tsaya a kan "limamin sansani". Mun saba jin "limamin coci" a rediyo, kuma kowa ya san liman ne ke duba mara lafiya, shi ke tsayawa kan gawa. Kalmar kuma tana tafiya da wuri: limamin asibiti, limamin gidan yari, limamin bariki.

'Yan'uwa Kiristoci, musamman na Jos da Zariya, ku za ku yanke. Kunnenku ya karɓi "liman" a nan, ko akwai sunan da kuke kiran mai wannan hidima a coci?