Hilux ɗina tana harbi tun da na mayar da ita gas, wa zan bi?

Mai Tsohuwar Hilux: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana injin ku taimaka, hankalina a tashe yake. Ina da Hilux fo-wil mai injin 3RZ. Ta mahaifinmu ce, Allah ya jiƙansa. Da aka zo rabon gado ƙannena suka ce a sayar, ni na biya su na riƙe ta, har yau akwai wanda ba ya gaishe ni a kan maganar. Da ita nake ɗauko hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Dawanau. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 ribar take ƙarewa a gidan mai, shi ne na sa mata CNG, wato gas ɗin mota. Da farko lafiya lau. Yanzu da safe sai ta yi ta karkarwa a silo, in na taka totur ta yi fau! ta gaba, ba ta salansa ba. Shekaranjiya har murfin eya-kilina ya tsage. Makanikena ya ce bawul ne ya ƙone, a sauke top, wato kan injin. Wanda ya haɗa gas ɗin ya ce filogi ne kawai.

Oga Makanike: Wa alaikumus salam. Alhaji, kar ka yarda kowa ya sauke top ba a auna kwamfireshan ba, wato ƙarfin matsin da ke cikin silinda. Fetur da danshinsa yake shiga, yana ɗan sanyaya bawul. Gas busasshe ne. A hankali bawul ɗin hayaƙi yake cin mazauninsa yana nutsewa, tazarar da ke samansa ta ƙare, ya daina rufewa ruf. Da ya daina zama daidai ba shi da inda zai sauke zafinsa, sai bakinsa ya ƙone. Shi kuma 3RZ ba ya daidaita kansa, da shim, wato 'yan faifan ƙarfe, ake gejin tazarar bawul ɗinsa. Yaushe rabonka da gejin bawul? Kuma wane kit aka sa maka, mai miksa ko mai injekta?

Mai Tsohuwar Hilux: Oga, wanda ya haɗa min ba baƙo ba ne, masallaci ɗaya muke salla. Ba zai cuce ni ba.

Oga Makanike: Ban ce ya cuce ka ba, tambayarka na yi.

Direban Bas: Ku da kuke samun gas ɗin ma ku gode Allah. Ni jiya wuni na yi a layi, da aka zo kaina aka ce ƙarfin ya sauka, tukunyar ko rabi ba ta cika ba. Ga ta cinye min wurin kaya, fasinja kullum sai mun yi rigima.

Ɗan Panteka: Filogi ne da wayoyinsa, na rantse. Gas ya fi fetur wuyar kamawa, wutar da za ta ishi fetur ba ta isar sa. Ka sa sababbi, a ɗan matse bakinsu. Tawa haka ta yi.

Hajiya Mai Prado: Malam, cire abin nan ka huta. Ba ka ji motar da ta fashe a birnin Benin na Jihar Edo a Oktoban 2024 ba? Mai gidana ya kawo maganar, na ce ba da 'ya'yana a ciki ba.

Oga Makanike: Hajiya, waccan tukunya ce ta ƙirar walda. CNG da matsi mai ƙarfin bar 200 ake ɗura shi, ba wasan mai walda ba ne, kuma ba shi ake tambaya ba. Ɗan Panteka, filogi yana kawo harbi, ban musa ba, amma filogi ba ya gyara kwamfireshan. Tsagewar murfin nan ta nuna min miksa ce. Ita miksa tun daga bakin shigar iska take haɗa gas, manifol, wato bututun da ke kai iska cikin injin, gaba ɗaya cike yake da abin da zai kama. In gas ya yi ƙaranci, wutar takan yi jinkiri, tana ci har bawul ɗin shiga ya buɗe, sai ta koma baya. Masu haɗawa da yawa suna rage gas don a ce motar ba ta sha, injin ne ke biya.

Ɗan Panteka: Akwai 'yar kwalbar man da ake ɗaurawa tana ɗiga wa bawul, a sa masa ita mana.

Oga Makanike: Rigakafi ce. Ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa.

Mai Tsohuwar Hilux: Na gode kowa. Amma gaskiya ni ban ga laifin saitin ba, da shi nake ganin sauƙi. Kit mai injekta kuma kuɗinsa ba nan kusa ba. Zan fara da filogin, don ina da lodi ranar kasuwa.

Oga Makanike: To aƙalla ka juya ta fetur da safe ka saurara. In karkarwar tana nan, saitin gas ya fita daga zargi, ka nemi mai gejin kwamfireshan kafin ka ɗora mata buhu.

Mai Tsohuwar Hilux: Famfon fetur ɗin ya daɗe da mutuwa, Oga. A gas nake tayar da ita.

Direban Bas: Alhaji, in sayarwa za ka yi, nawa ka sa mata ba tukunyar?