Neman shawara: ta ina zan fara koya wa ɗalibaina tsara insha'i da faɗin madogara?

Assalamu alaikum, iyayena da abokan aikina na wannan zaure. Ni malamar Ingilishi ce a wata babbar sakandaren 'yan mata ta gwamnati, kuma ajin SS2 nake riƙe da shi. Duk lokacin da na ba da jinga mai buƙatar ɗan bincike, abin da ake dawo mini da shi iri biyu ne. Wasu su kwafo shafi sukutum daga intanet ba tare da sun ambaci inda suka samo shi ba, wasu kuma su rubuto nasu na kansu amma a cure, shafi biyu babu sakin layi ko ɗaya, ba a san gabatarwa ba balle kammalawa. Tun da ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta wa mutum amsa, ya shigo hannun jama'a a ƙarshen 2022 lamarin ya ƙara cakuɗewa. Abin da ya fi damuna shi ne yaran ba su ɗauki kwafe a matsayin laifi ba, domin a ganinsu wadda ta fi kwafowa ita ce ta fi ƙoƙari. Da me ya kamata in fara? A cikin tsare-tsaren rubuta madogara, wato inda aka samo bayani, na APA zan koyar ko na MLA? Ku sani cewa ajin cike yake maƙil, kuma da biro muke rubutu, ba mu da kwamfuta.

Amsar wani tsohon malami da ya daɗe yana makin jarrabawa:

Wa alaikumus salam, 'yata. Matsala biyu kika haɗa, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. A takardar Ingilishi ta WAEC ana neman insha'i na kimanin kalmomi 450, makinsa 50 ne: 10 na ƙunshiya, 10 na tsari, 20 na iya sarrafa harshe, 10 na kiyaye ƙa'idojin rubutu. Yarinyar da ba ta san sakin layi ba ta zubar da makin tsari tun kafin a karanta abin da ta ce, alhali babu mai tambayarta madogara a ɗakin jarrabawa. Saboda haka ki fara da tsari. Ki hana kowa soma rubutu sai ta nuna miki jadawalinta a gefen takarda: abin da za ta faɗa a gabatarwa, hujjoji uku ko huɗu kowacce da sakin layinta, sannan yadda za ta rufe. Kowane sakin layi ya buɗe da jimla guda mai ɗauke da batunsa, sauran jimlolin su zo su tallafa mata. Maganar APA kuwa, a ra'ayina, a bar wa jami'a.

Amsar wani malamin darasin Addinin Musulunci:

Baba ya yi gaskiya a kan tsari, amma ina neman afuwa, ban goyi bayan a jingine madogara ba. Malama, yaran nan sun riga sun san wannan ilimi, ba a dai taɓa nuna musu cewa shi ne ba. Duk wadda ta zauna a Islamiyya ta saba jin an karanta hadisi an ce Bukhari ne ya ruwaito shi, ko an jawo aya an faɗi sura da lambarta, kuma ta san cewa mai wa'azin da ya kasa faɗin inda ya samo magana ba a sakin jiki da shi. A gabatarwar Sahihu Muslim an kawo maganar Abdullahi ɗan Mubarak cewa isnadi, wato jerin waɗanda suka ruwaito magana, yana daga cikin addini, kuma ba don isnadi ba da kowa ya faɗi abin da ya ga dama. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman domin ya lissafa malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu. Idan kika shiga ta wannan ƙofa, za su fahimci cewa jingina magana ga mai ita amana ce, kuma ɗaukar rubutun wani a sa masa sunan kai cin amana ne ko da mai shi bai sani ba. Ki riƙa tsayar da su a tsakiyar darasi, duk wadda ta kawo wata magana ki ce mata, "Wa ya faɗa? A ina kika gani?" Idan kunnensu ya saba da tambayar, rubuta amsarta a ƙasan takarda ba zai yi musu wuya ba.

Amsar wata malamar jami'a a tsangayar ilimi:

Mu ne muke karɓar waɗannan yara bayan sun bar hannunku, kuma abin takaici ne ka ga ɗalibi ya kai shekarar ƙarshe, an sa kundinsa a manhajar gano satar fasaha, sannan ne zai fara jin cewa abin da ya saba yi laifi ne. Don haka ina roƙonki, 'yar'uwa, kada ki jira mu.

Game da zaɓi, ki ɗauki APA, domin shi ne ya fi yawa a fannonin ilimi da kimiyyar zamantakewa a jami'o'inmu, MLA kuma an fi ganinsa a sassan adabi. Bugu na bakwai na APA, wanda ya fito a 2019, shi ake amfani da shi yanzu, amma ba sai kin ɗora musu littafin duka ba. Kowace madogara a wannan tsari tambayoyi huɗu take amsawa a jere: wa ya rubuta, yaushe, mene ne sunan aikin, kuma a ina aka buga shi. A cikin rubutu kuwa, sunan marubuci da shekara ake sa wa a baka biyu, idan kalmominsa aka ɗauko kai tsaye a sa alamar zancen wani a ƙara lambar shafi. A ƙarshe a jera manazarta bisa tsarin abacada. Tunda da hannu suke rubutu, su ja layi a ƙarƙashin sunan littafi a madadin rubutun gicciye na kwamfuta.

Wurin da za su fi rikicewa shi ne sunayenmu, domin Bahaushe sau da yawa sunan mahaifi ko na gari yake sa wa a ƙarshe. Ki gaya musu cewa sunan da ya zo ƙarshe a bangon littafi shi ake gabatarwa, sauran a taƙaita su zuwa harafin farko, ta yadda Abubakar Tafawa Ɓalewa zai zama Ɓalewa, A. T., Sa'adu Zungur kuma Zungur, S. Abu mafi wahala, wanda ya cancanci makonni, shi ne faɗin maganar wani da kalmominka. Su karanta sakin layi, su rufe littafin, su rubuta abin da suka gane, sannan duk da haka su ambaci mai maganar, domin sauya kalmomi bai mayar da tunanin ya zama nasu ba.

Amsar wani malamin Tarihi:

Ki duba irin jingar da kike bayarwa ma, Malama. Idan kika ce a rubuto illolin shaye-shaye, intanet cike take da amsa. Amma idan kika ce kowace yarinya ta tambayi kakarta yadda ake biki a unguwarsu a da, ko ta yi hira da wata mai sana'ar ƙuli-ƙuli a kan yadda farashin gyaɗa ya shafe ta, babu inda za ta kwafo. Sai ta rubuta sunan wadda ta zanta da ita, da shekarunta, da wurin, da ranar da aka yi hirar, kamar yadda muke yi a binciken tarihi. APA dai a cikin rubutu kawai yake ambaton irin wannan hira, ba ya sa ta a jerin manazarta, amma ga masu koyo na fi son su jera ta, domin su ga cewa maganar tsohuwa ma madogara ce mai daraja.

Amsar wani ma'aikacin laburare:

Ƙarin bayani kaɗan a kan intanet. "Google" ba madogara ba ce, hanya ce kawai. Su rubuta sunan marubuci ko hukumar da ta wallafa shafin, da kwanan wata, da kanun rubutun, da adireshinsa. Ki kuma gargaɗe su cewa ChatGPT yakan ƙirƙiro sunayen littattafan da babu su, don haka kada wadda ta rubuta madogarar da ba ta gani da idonta ba.

Martanin mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Zan ba rabin farko na zangon nan ga jadawali da sakin layi kamar yadda Baba ya ce, tambayar "wa ya faɗa" kuma za ta fara aiki tun daga darasi na gaba. Saura abu guda: idan na kama wadda ta kwafo, sifili zan ba ta?

Amsar malamar jami'a:

A karo na farko kada ki ba ta sifili, kuma kada ki kunyata ta a gaban aji. Ki kira ta gefe, ta rufe takardar ta yi miki bayanin abin da ta rubuta da baki, sannan ki mayar mata ta sake, ta nuna abin da yake nata da abin da ta aro. Ki kuma ware wa madogara makinta na daban, ko da biyar ne cikin ashirin, ki sanar da su tun ranar da kika ba da jingar. Wadda ta maimaita bayan an yi mata wannan bayani, ita ce za ta rasa makin aikin gaba ɗaya.